Ku Tambayi Baba Injiniya: Me Ya Sa Ake Farke Injin Jirgin da Lafiyarsa Ƙalau?

Tun da na ambaci injin fiston na ƙananan jiragen sama a fitowar da ta wuce, wasiƙu suka taru a kansa. Na zaɓi huɗu. Masu tambayar kuɗin makaranta da hanyar samun aiki ku yi mini haƙuri, sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa, shekarata 18 ina sauke inji ina zuba ringi. An ce mini ƙananan jirage ma fiston da ringi da bawul gare su kamar mota. To mene ne bambancin aikinku da namu? Kuma da gaske ne kuna farke injin da babu abin da ya same shi?
Daga wani bakanike, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Oga. Ba a yi maka ƙarya ba. Da zan ɗora maka injin Lycoming O-320 a kan benci, wanda ke cikin tsofaffin Cessna 172 da yawa da kuma Tampico TB-9 da aka daɗe ana koyar da tuƙi da su a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, kafin shayinka ya huce ka gama gane shi. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, irin na tsohuwar Volkswagen Bitil. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi kamar injin babur. Ga kafiretonsa nan a ƙasa. Girmansa ya haura lita 5, faɗin fiston ɗaya ya wuce inci 5, amma ƙarfinsa doki 150 ne ko 160 kacal, kuma ba ya wuce juyi 2,700 a minti, domin farfela a jikin karanshaf take kai tsaye, in ta fi haka gudu bakinta ya doshi saurin sauti, sai ƙara ba aiki.

Ita ma kalmar garambawul da 'yan siyasa suka ƙwace suna yi wa majalisar ministoci, a garejinku aka haife ta, daga goge bawul. Don haka ni da kai ɗaki ɗaya muka fito.

Inda muka rabu shi ne wahalar da injin ke sha. Mota ba kasafai take amfani da duk ƙarfinta ba, sai wurin wuce wata ko hawan tudu. Jirgi kuwa da cikakken ƙarfi yake tashi, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na tsawon awoyi. Ka ɗauka motar da aka yi wa lodi ce, direba ya danne totur, kuma hanyar tudu ce tun daga Kano har Maiduguri. Haka yake kullum. Ga shi in ya tsaya ba a gangarawa gefen titi a kira ka a waya.

Shi ya sa kamfanin da ya ƙera injin yake yanka masa wa'adi, wanda muke kira TBO. Na O-320 awa 2,000 ne, ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. In wa'adin ya cika, ko da injin yana kuka kamar sabo, makaranta ko kamfanin haya za su sauke shi bisa tsarin kulawar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince musu. A Amurka mai jirgin kansa, wanda ba haya yake yi ba, doka ba ta tilasta masa wannan wa'adi ba, kuma akwai injinan da ke wuce shi lafiya idan ana sa musu ido. Amma wannan wata magana ce.

To me ake yi in an sauke shi? Ana warware shi har sai babu noti biyu a haɗe. A wanke. Duk abin da yake ƙarfe ne, karanshaf, kamshaf, sandunan fiston, giya-giyai, a kai shi ɗakin duhu, a sa masa ƙarfin maganaɗisu, a kwarara masa wani ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe, a haska fitila mai shuɗin haske. Idan akwai tsaga, ko da ta fi silin gashi siranta, garin zai taru a bakinta ya yi layi kore shar yana ƙyalli. Ranar da na fara ganin wannan layin a wuyan wani karanshaf da na riga na shafa da hannuna na ce lafiya lau yake, jikina ya yi sanyi. Abin da yake alminiyam ne kuma, kamar gangar jikin injin, maganaɗisu ba ya kama shi, sai a shafa masa rini mai kutsawa cikin tsaga, a goge, a jira ya tsattsafo.

Daga nan sai awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gareji haka ne, kuma na san bakanikai da za su girgiza fiston a cikin silinda su gaya maka ya ci ko bai ci ba. A hanga kuwa, wato rumfar da muke gyaran jirage, mudun ake kawowa. Kowane wuyan karanshaf, kowane ramin silinda, kowace sandar bawul, sai an ɗora mata maikiromita, ma'aunin da ke kama bambancin da ido ba ya gani, an rubuta, a kwatanta da teburin awo na kamfani. Teburin layi biyu gare shi: awon sabo, da iyakar cin da aka yarda a mayar da abu bakin aiki. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa a tambaya ta biyu, domin a nan ake cin kasuwar mutane.

Akwai kuma kayan da ba a ma tambayar lafiyarsu. Lycoming na da takarda mai lamba 240 da ta jera su: ringi, mital, bawul ɗin hayaƙi, kusoshin sandar fiston da notinansu, duk gasket da duk roba. Ko sun yi kyau kamar jiya aka sa su, kwandon shara za su. Wanda zai maye gurbinsu kuma sai ya zo da takardar shaidar asalinsa, fom 8130-3 na Amurka ko fom 1 na hukumar jiragen Turai. Ba mu da ɗan Kwatano, ba mu da “Oga, wannan ma zai yi”. Ɗauri kuma ba da ƙarfin damtse ake yi ba, sifana ce mai awo, ita ma tana da ranar da ake kai ta a gwada gaskiyarta. Bayan an ɗaure sai a saƙala wa kusoshi waya a murɗe, yadda in kusa ta so kwancewa wayar za ta ƙara ja ne.

Bari in ba ka labarin filogi. Ina ɗan koyo a wani kamfani da ba sai na kama suna ba, filogi ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti. Na waiga, ban ga kowa ba. Na ɗauka, na hure, na duba, ko ƙwarzane babu, na mayar cikin tire. Ashe maigidana ya ji ƙarar daga bayan fiffike. Bai ce mini uffan ba. Ya zo ya zare shi daga cikin takwas ɗin, ya ɗora a kan maƙera, ya miƙo mini guduma. Da hannuna na farfasa shi. Sai da na gama ya ce tangaran ɗin da ke ciki na iya tsagewa ido bai gani ba, kuma ba zai nuna halinsa ba sai ya ɗau zafi a sama. Kuɗin filogin ya fi abin da ake ba ni a mako, amma ba a cire mini ko kwabo ba. Abin da ya ɓata masa rai mayarwar da na yi ne.

Takwas na ce, ba kuskure na yi ba. Kowace silinda filogi biyu gare ta, kuma maganeto biyu ne, wato ƙananan janareto da injin ke juyawa da kansa, ke ba su wuta, kowanne da nasa layin, babu ruwansu da batir.

Wani abin da zai ba ka dariya: kai in ka zuba ringi kakan ce wa mai mota ya lallaɓa ta. Mu akasin haka muke cewa. Bayan an gwada injin a ƙasa, matuƙi zai tashi da shi ya ba shi wuta sosai, da baƙin mai na gargajiya marar haɗi, har wajen awa 50 ko sai shan mansa ya daidaita. Matsin da ke bayan ringi shi ke zaunar da shi a jikin silinda. In aka lallaɓa shi, bangon ya yi santsi kamar gilashi, ya yi ta shan mai har sai an sake cire silindar.

A ƙarshe mutum ɗaya mai lasisi zai rubuta abin da aka yi a littafin injin, ya sa hannu da lambarsa. Littafin nan yana bin injin duk inda ya je, ko bayan shekara 20 ana iya buɗe shi a nemo ka.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. An yi mini tallar wata Cessna da ke ajiye a wani gari na bakin teku. Shekara 6 ba ta tashi ba, amma mai ita ya ce awa 600 kawai injin ya yi tun garambawul, saura 1,400, kuma duk wata yana sa a tayar da shi na minti goma. Fentinta kamar sabuwa, farashin kuma ya yi sauƙi. In saya?
Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna.

AMSA: Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Duk abin da aka faɗa maka don a kwantar maka da hankali, shi ya tayar da nawa.

Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ban san abin da karin maganar nan ta fi dacewa da shi kamar injin jirgi ba. A aikina na ga injinan makaranta da ke tashi safe da yamma sun cika awa 2,000 cikinsu tas, na kuma ga na masu kuɗi da bai yi rabin haka ba ya ruɓe a tsaye. Tsatsa ce. In Lycoming ne abin ya fi muni, domin kamshaf ɗinsa a saman karanshaf yake, da an ajiye shi mai ya tsiyaye ya bar shi tsirara. Tsatsa ta huda ƙananan ramuka a kan tudun kam da fuskar tafet, ƙarfen da kam ke turawa ya buɗe bawul. Ranar da aka dawo da shi aiki ba za ka ji komai ba. Bayan awa hamsin ko ɗari sai ramukan su fara ɓantarewa, ƙarfe ya shiga mai, mai ya kai shi ko'ina.

Tayarwar minti goma kuwa ƙara wa Borno dawaki ne. Ƙona lita ɗaya ta fetur na haifar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi, wani ya bi ta gefen ringi ya sauka cikin mai. In ba a tashi sama mai ya yi zafi sosai ba, ruwan ba ya fita, sai ya kwanta ya haɗu da dattin ƙuna ya zama tsami mai cin ƙarfe. Shawarar Lycoming ita ce a tashi da jirgin kamar awa ɗaya a ƙalla kowane kwana 30, in ba za a iya ba a zuba masa man ajiya a toshe shi. Ka haɗa wannan da iskar gishiri ta bakin teku.

Ka kuma tambayi shekarar da aka yi garambawul ɗin. In kafin ajiyar ya yi shekara 6 yana aiki, to 12 ta cika, maganar saura awa 1,400 ta mutu.

In duk da haka ranka na so, ka ɗauki injiniyanka, ba na mai jirgin ba, ka biya shi ya yi abubuwan nan. Ya gwada matsi: a dumama injin, a kawo fiston sama, a hura iska mai awo 80 ta ramin filogi, a ga nawa silindar ta riƙe. Tsohuwar ƙa'ida ita ce in ta gaza 60 cikin 80 akwai abin dubawa. Amma lambar ba ta kai kunne amfani ba, a nan ne bakaniken da ya yi tambayar farko zai fi wasu masu digiri. In ka ji huci a bakin salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. In ta wurin zuba mai ne, ringi. In ta kafireto, bawul ɗin shiga. Kamfanin Continental, wani mai ƙera injin ƙananan jirage, shi ma tun 2003 ya ce kada a tsaya a kan awon kaɗai, a zura 'yar kyamarar leƙe ta ramin filogi a gani da ido. Lafiyayyen bawul ɗin hayaƙi zoben launinsa a daidaice yake, zagaye cikin zagaye kamar saƙar faifai. In ka ga zanen ya karkace gefe guda, da ɗan kore a baki kamar jinjirin wata, wurin yana ƙonewa.

Sannan matatar mai. Wannan shi ne aikin da na fi so, har yau in na ziyarci yarana a hanga nakan karɓe shi. Ba a yanka gwangwanin da zarto, don kada garin zarton ya ruɗe ka. Akwai abin yankansa mai kama da mabuɗin gwangwanin madara. A zaro takardar mai ninki-ninki, a matse man, a fita da ita rana a miƙe ta tsawon hannu biyu. Sai ka bi kwarin kowane ninki da ido. Baƙin gawayi da ke murƙushewa a yatsa ba komai ba ne. Abin da ke ƙyalli shi ake nema. A kawo maganaɗisu: in ya tashi tsaye kamar gashin bushiya, ƙarfe ne, ka zargi kam da tafet. In fari ne bai bi maganaɗisu ba, alminiyam ne daga wajen fiston. In ja-ja ne kamar tagulla, ana cin wani bushi ko mital. Sai dai ka sani, injin da bai yi aiki ba bai zubar da komai ba tukuna, don haka tsabtar matatar jirgin da ke ajiye ba shaida ba ce. A irin wannan nakan nemi a cire silinda ɗaya a leƙa kamshaf ɗin da fitila. In mai jirgin ya ƙi, ya ba ka amsa.

Saura littafi. Ka karanta ainihin abin da aka rubuta ranar garambawul ɗin. Wani silinda kawai ya taɓa, bai buɗe cikin injin ba, amma a baki zai ce maka an yi garambawul. Wani ya buɗe, amma ya mayar da kayan da ke dab da iyakar cinsu, layin nan na biyu da na ambata. Doka ta yarda, sai dai ba daidai yake da wanda aka mayar awon sabo ba. A dokar Amurka kamfanin da ya ƙera injin, ko wanda ya wakilta, shi kaɗai ke iya sabunta shi ya ba shi sabon littafi daga awa sifili. In kuma aka ce maka wasu shafuka sun ɓace ko gara ta ci, ka yi ciniki kamar injin ya gama wa'adinsa.

In Allah Ya sa ka saya ka kawo ta Arewa, tsatsa za ta ragu, ƙura ta karɓe ta. Da hunturu matatar iska ita ce abin lura, kuma in kana tura samfurin mai ɗakin gwaji za ka ga sinadarin yashi ya hau tun kafin ringi ya fara kuka. Juyen mai kowace awa 50 ne ko wata huɗu.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce mai koyon tuƙi. Muna tafiya a ƙasa a hankali, tayar gaba ta faɗa wani rami, bakin farfela ya daki ƙasa ya ɗan lanƙwashe. Injin bai mutu ba, bai canza murya ba. Amma an sauke shi gaba ɗaya, har wasu na yi mini kallon na jawo asara. Ba canza farfela kawai ya kamata a yi ba?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Da farko madalla da kika faɗa. Wanda nake tsoro shi ne ɗalibin da zai yi shiru ya ajiye jirgin wa na bayansa.

Waɗanda suka sauke injin sun yi daidai. Farfela da karanshaf abu ɗaya ne, babu kulochi ko bel a tsakani da zai shanye dukan. Duk abin da ya tare ta farat ɗaya, girgizar ta ratsa har bayan injin. A Lycoming akwai wata 'yar giya a ƙarshen karanshaf, kusa ɗaya da ɗan turke ɗaya ke riƙe da ita, kuma ita ke juya kamshaf da maganeto biyun da famfon mai. In turken ya sami rauni, zai iya kai wata da watanni kafin ya karye, kuma ranar da ya karye komai ya tsaya lokaci guda, maganeto biyun ba su cece ki ba. Saboda haka hukumar jiragen Amurka ta fitar da umarni a 2004 cewa dole a duba wurin bayan irin wannan bugu. Continental kuma cewa ya yi a warware injin a bincika. Ma'anar bugun ma ta fi yadda ɗalibai ke zato faɗi: ko doguwar ciyawa ko ruwa farfela ta shiga har juyin injin ya faɗi farat ɗaya, ya shiga lissafi.

Za ki ji wani ya ce ai an ɗora agogon awo a bakin karanshaf an ga bai karkace ba. Wannan yana nuna bai lanƙwashe ba ne kawai. Tsaga sai ɗakin duhun nan.

Tunda kina kusa da farfela kullum, ga ƙari. Makullin jirgi ba ya ba maganeto wuta, kashe shi yake yi ta hanyar haɗa shi da jikin jirgi da wata siririyar waya. In wayar ta tsinke, makulli na aljihunki amma injin a shirye yake, ɗan juya farfela da hannu ya isa ya tayar da shi. Shi ya sa a gwajin kafin tashi, in kin koma maganeto ɗaya kika ga allurar juyi ba ta sauka ko kaɗan ba, kada ki yi murna, ki rubuta a gaya wa injiniya.

TAMBAYA: Me ya sa ba za a zuba wa ƙananan jiragen nan man gidan mai ba, tunda nasu tsada gare shi kuma wuyar samu?
Daga wani mai karatu, Damagaram.

AMSA: Malam, nasu ana kiransa 100LL, shuɗi ne don a bambanta shi da ido, kuma har yanzu akwai darma a cikinsa, wadda ke hana man fashewa kafin lokaci a cikin silinda mai zafi. Man mota ya fi saurin zama tururi a cikin bututu in an hau sama ko rana ta take, wani kuma ana gauraya shi da sinadarin ethanol mai jan ruwa da cin roba. Akwai ƙananan injina da aka ba takardar izinin shan man mota marar wannan gauraye, akwai kuma irin su Rotax 912 da aka ƙera su a kan haka, amma izinin na kowane inji da kowane jirgi ne daban, ba a yin sa da ka. Wuyar samun shuɗin man na cikin abin da ya sa makarantu ke komawa jirage irin Diamond DA40 da DA42, waɗanda kwalejin Zariya ma ta saya. Su ma fiston gare su, amma irin waɗanda nake magana a kansu tsarin dizal ne, kananzir ɗin manyan jirage suke sha, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi, kuma ba su da filogin wuta ko maganeto.